Tambaya da Amsa: Fitilar Bayan Talabijin, Ado Ce ko Tana da Amfani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a unguwar Shari' Mansur a Makka. Na sayi talabijin mai inci 65, na rataye ta a bangon falo, kuma mun saba kashe fitilu bayan sallar isha'i idan za mu yi kallo, amma ba ma daɗewa sai in ji idanuna sun yi nauyi. Yarana sun dage sai na sayi wata fitila da ake maƙalawa a bayan talabijin, wadda launinta ke canzawa yana bin hoton da ake nunawa. Na duba kasuwa na tarar da wata ba ta kai riyal hamsin ba, wata kuma ta haura dubu. Shin tana da wani amfani ga ido, ko ado ne kawai? Wacce ya kamata in saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abubuwa biyu ne daban ake sayarwa da suna ɗaya, kuma bukatarka da ta yaranka ba iri ɗaya ba ce, don haka sai mu raba su.

Na farko shi ne farin haske maras ƙarfi da ake haskawa a bangon da ke bayan talabijin, wanda ba ya motsi kuma ba ya canza launi. Shi ne yake da alaƙa da nauyin idon da kake ji. Ƙwayar ido tana buɗewa a cikin duhu, tana tsukewa idan haske ya yi yawa. Idan ɗaki ya yi duhu ƙirin, ga kuma allo mai faɗin inci 65 yana sauyawa daga hoton dare zuwa hoton rana tsaka a cikin daƙiƙa guda, ido zai yi ta faman daidaita kansa har ya gaji. Idan bangon da ke kewaye da allon yana da ɗan haske, tazarar da ke tsakanin hasken allon da duhun ɗakin tana raguwa, sai ido ya samu sauƙi. Wannan ya fi kunna fitilar silin, domin ita hasken ta kan sauka a fuskar talabijin ne ta dusashe hoton, alhali fitilar baya ba ta taɓa allon. Akwai kuma wata ƙarin fa'ida ga masu talabijin irin ta LCD, wadda baƙinta kan yi kamar toka-toka a cikin duhu: da zarar bangon ya yi haske, sai ido ya ga baƙin ya ƙara zurfi, ko da yake babu abin da ya canza a jikin na'urar.

Wannan dabara ba 'yan kasuwa ne suka ƙirƙiro ta ba. Masu gyaran launin fina-finai sun daɗe suna aiki da ita a ɗakunansu, kuma suna da ƙa'idoji biyu da za su yi maka jagora wajen saye. Ta farko, hasken ya kasance fari mai kelbin 6500 (kelbin shi ne ma'aunin launin farin haske), domin shi ne farin da ake gina hoton talabijin a kansa. Idan ka sa mai ruwan ɗorawa irin na kelbin 2700 da ake sawa a ɗakin kwana, sai ido ya riƙa ganin hoton ya karkata zuwa shuɗi. Ta biyu, ƙarfinsa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na mafi hasken abin da allon ke nunawa. Ba sai ka nemi na'urar awo ba. Ka zaɓi fitila mai rimot ko maɓallin rage haske, ka yi ta ragewa har sai ka daina lura da ita. Idan kwalin ya ambaci ma'aunin CRI, wanda ke nuna ingancin farin hasken, ka nemi 90 ko sama da haka. A nan ne masu arha sosai ke gazawa, domin da yawansu ja da kore da shuɗi suke haɗawa su fitar da fari, sai ya fito da ɗan shunayya a cikinsa.

Abu na biyu shi ne wanda yaranka suka gani. Kamfanin Philips ne ya shahara da shi tun 2004 a talabijin ɗinsa masu tsarin Ambilight, inda fitilun suke a jikin talabijin ɗin tun daga masana'anta. Wanda talabijin ɗinsa ba irin wannan ba ce, hanyoyi biyu ne suka fi yawa a gabansa. Ɗaya ita ce ƙaramar kyamara da ake ɗorawa a saman talabijin ko a ƙasanta tana kallon allon, kamar yadda kamfanonin Govee da Nanoleaf ke yi. Ɗayar kuma akwati ne da ake sawa tsakanin risiba ko na'urar wasa da talabijin, wayar HDMI ta ratsa ta cikinsa, kamar wanda Philips Hue ya fitar a 2019. Akwatin ya fi dacewa da launin hoton kuma ya fi saurin binsa, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, musamman da yake akwatin daban ake saya, igiyar fitilar daban.

Ga inda mutane da yawa ke yin asarar kuɗinsu. Akwatin ba ya ganin komai sai abin da ya ratsa ta cikinsa. Idan ta risibar tauraron ɗan'adam kuke kallon wasan ƙwallon Al-Ittihad da Al-Hilal, ko yara suna wasa da PlayStation, zai yi aiki yadda ake so. Idan kuwa manhajojin da ke cikin talabijin ɗin kuke buɗewa, irin su YouTube da Shahid, hoton daga cikin talabijin yake tasowa, ba ya bi ta akwatin, don haka fitilar ba za ta san abin da ake nunawa ba. Ita kuwa kyamara ba ruwanta da inda hoto ya fito, sai dai ta kan ruɗe idan fitilar ɗaki ko hasken taga ya sauka a kan allon, kuma sai an zauna an saita ta da haƙuri.

A ganina, launuka masu motsi ado ne, kuma babu laifi a ado idan an san shi aka saya. Suna ƙayatarwa a wasan kwamfuta da zanen yara. Amma a gidan da tashar Alƙur'ani mai nuna Harami kai tsaye ko labarai ne suka fi zama a kan allo, bangon da ke ta sauya launi ɗauke hankali kawai zai yi, kuma ba shi ne zai rage maka gajiyar ido ba, tunda shi ma wani sauyin haske ne ya ƙaru. Shawarata ita ce ka sayi igiya mai matsakaicin farashi wadda take da ƙwayoyin farin haske na musamman ban da masu launi, ta yadda kai za ka bar ta a kan fari, yara kuma su juya ta idan falon ya zama nasu. Idan kuma nauyin idon bai ragu ba bayan an gyara hasken ɗakin, to a je a ga likitan ido, domin fitila ba ta maye gurbin tabarau.

Wajen maƙalawa, ka goge bayan talabijin sosai ya bushe kafin ka manna, domin ƙurar garuruwan nan da zafin da na'urar ke fitarwa su ne ke sa gam ya saki cikin 'yan watanni. Ƙananan maƙalai da kan zo a cikin kwalin suna taimakawa a kusurwoyi. Ka bar igiyar ta ɗan shiga ciki daga baki don kada a riƙa hango ƙwayoyin, kuma kada ta toshe kafofin shan iska. Idan talabijin ta manne da bango ƙam, hasken ba zai samu wurin bazuwa ba. Launin bangon ma yana da tasiri, domin bango mai ruwan madara ko mai takardar ado ta zinare zai rina hasken da launinsa. Idan ta kafar USB ta talabijin za ka jona, ka sani cewa ta USB 2.0 amfiya 0.5 take bayarwa a kan bolt 5, ta USB 3.0 kuma amfiya 0.9, wanda sau da yawa ba ya isar doguwar igiyar da za ta zagaye inci 65. Idan ka ga tana ƙyaftawa ko ƙarshenta ya dusashe, ka ba ta caja tata a soket. Batun kuɗin wuta kuwa ba abin damuwa ba ne: fitila mai wat 10 da ke ci awa 5 a kullum za ta sha kilowat-awa 1.5 ne a wata, kuma a kan halala 18 da ake cajin gidaje kan kowane kilowat-awa a matakin farko, abin bai kai rabin riyal ba.

TAMBAYA: Ni uwa ce a Madina. Ɗana ya kawo irin mai kyamara, ni kuwa hankalina bai kwanta da kyamara a falon da ni da 'ya'yana mata muke zama ba lulluɓi ba. Me ya kamata in yi?

AMSA: Hajiya, damuwarki tana kan hanya. An ƙera kyamarar ne ta fuskanci allo, ba masu zama ba, kuma launi take karantawa. Duk da haka, idonta mai faɗi ne, yana iya kama wani ɓangare na abin da ke gaban talabijin, fuskar talabijin ma kan nuna inuwar ɗaki idan an kashe ta, na'urar kuma a haɗe take da intanet ɗin gida. Ki sa ɗanki ya buɗe shafin saiti a manhajar ya nuna miki ainihin abin da kyamarar ke gani. Idan har yanzu zuciyarki ba ta natsu ba, a cire wayar kyamarar ko a rufe idonta. A yawancin irin waɗannan na'urori fitilar za ta ci gaba da bayar da launi ɗaya tsayayye, bin hoto ne kawai zai tsaya. Kwanciyar hankalinki a ɗakinki ta fi launin bango muhimmanci.

TAMBAYA: Ina aiki a Jidda, kuma ina so in kai wa ƙanena irin wannan fitila tsaraba a Kano. Za ta yi aiki a can? Sannan tawa ta ƙi haɗuwa da wayata.

AMSA: Ɗan'uwa, ka duba rubutun da ke jikin cajar. Wutar Saudiyya tana tafiya ne a kan hez 60, ta Najeriya a kan hez 50, amma idan an rubuta 100–240V da 50/60Hz, za ta yi aiki a ƙasashen biyu, kuma filogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a nan shi ne na can. Tunda wuta a Kano kan ɗauke ta dawo da ƙarfi, irin da ake jonawa a USB ta fi dacewa da shi, domin ko da batirin cajin waya za ta kama. Game da rashin haɗuwa kuwa, galibin waɗannan fitilu layin Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke ganewa, wayarka kuma mai yiwuwa tana kan na 5GHz. Ka mayar da wayar kan layin 2.4, ka kunna Bluetooth, sannan ka sake gwada haɗawar daga farko.