Amsa ga ɗiyata kan Barbara Heck da al'adar aji

Ɗiyata, saƙonki ya iso, da fatan karatu da sanyin Kanada suna zuwa da sauƙi. Kin ce an kai ku maƙabartar Blue Church kusa da garin Prescott, kin ga dutsen tunawa da Barbara Heck, wadda ake kira uwar ɗarikar Metodis a Amurka da Kanada. Kina tambaya yadda matar da ba fasto ba, ba ta taɓa hawa mumbari ba, ta sami wannan suna, da kuma mece ce al'adar aji, wato ƙaramin rukunin masu bi da ke haɗuwa duk mako, da tikiti da mai yi muku bayani ya yi ta ambata. Idan kin gane ajin, kin gane matar.

An haife ta a 1734 a ƙauyen Ballingrane, yankin Limerick na ƙasar Ailan, amma kakanninta Jamusawa ne da yaƙi da yunwa suka koro a 1709. Wa'azin John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Metodis, ya kama zuriyar Jamusawan nan sosai a Ailan. A 1760 ta auri Paul Heck, a shekarar kuma suka shiga jirgin ruwa zuwa New York tare da ɗan'uwanta Philip Embury, kafinta wanda yake wa'azi tun a gida. Da isarsu neman abinci ya sha kan kowa, Embury ya yi shekara shida bai buɗe baki ba. A 1766 ta tarar da mutanensu suna karta, ta kwashe kartar ta watsa a wuta, ta wuce gidan Embury ta ce lallai ya koma wa'azi, in ba haka ba alhakinsu na wuyansa. Ya ce ba shi da coci, ba shi da jama'a. Ita ta fita ta tattaro masa 'yan mutane kaɗan zuwa ɗakinsa, cikinsu har da Betty, baƙar fata mai aikin gida. Daga wannan zama aka kafa aji.

Asalin ajin kuɗi ne, kada wani ya gaya miki daban. A watan Fabrairun 1742 jama'ar Wesley a Bristol ta ƙasar Ingila suna da bashin ginin ɗakin taronsu. Wani Kyaftin Foy ya ce kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya duk mako. Aka ce wasu ba su da shi. Ya ce a haɗa shi da mutum 11 mafi talauci, zai bi su gida-gida, wanda ya kasa shi zai biya masa. Haka aka raba jama'a sha biyu-sha biyu, kowane rukuni da shugabansa. Masu karɓar kwabon nan sai suka fara dawowa da labari: wane yana shaye-shaye, wance ba ta ga maciji da maƙwabciyarta. Wesley ya ga ya sami hanyar sanin halin kowa. Bin gidaje bai ɗore ba, domin yana cin lokaci, wasu barori ne da iyayen gidansu ba sa son baƙi, kuma rigimar mutum biyu ba ta mutuwa sai an haɗa su ido da ido. Sai aka ce a riƙa haɗuwa wuri guda sau ɗaya a mako.

Ga yadda zaman yake, kusan awa ɗaya. A fara da waƙa da addu'a. Shugaba ya fara faɗin nasa halin na wannan mako, inda ya yi tuntuɓe da inda ya tsaya. Sannan ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowa yadda ruhunsa yake, ya ba wannan shawara, ya tsawata wa wancan, ya ƙarfafa wanda ya karaya. A karɓi kwabo, a yi alama a takardar aji gaban sunan kowa, ya zo ko bai zo ba, in ciwo ne ko tafiya a rubuta. A rufe da addu'a. Ba a wa'azi a ciki, ba kuma karatun Littafi Mai Tsarki aya-aya ba ne. Shi ya sa manomi ko matar aure suna iya riƙe shi.

Tikitin kuwa ɗan kati ne mai ɗauke da aya da kwanan wata, mai wa'azin da ke zagaye yana rubuta sunan mutum da hannunsa bayan ya yi masa tambayoyi. Duk wata uku ake sabunta shi, a lokacin ake ba da sule ɗaya. Da shi ake shiga bukin ƙauna, inda ake raba gurasa, a zagaya da ruwa cikin kofi mai mariƙi biyu, kowa ya ba da shaida. Ki lura, wannan ba Jibin Ubangiji ba ne, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Almasihu, shi ya sa ruwa ne, kuma ba sai da naɗaɗɗen fasto ba. Wanda ya daina zuwa ko ya ƙi gyaruwa ba a kiransa gaban jama'a a kunyata shi, sabon tikiti kawai ake hana shi, tsohon ya mutu a hannunsa. Kuma da gaske ake yi. A Newcastle a 1743 Wesley ya cire mutum 64, daga ciki 17 don buguwa, ɗaya don dukan matarsa, 29 don sakaci da wasa da al'amarin.

To, ki dubi rayuwarta da wannan ido. A New York jama'a ta yi yawa har suka gina ɗakin sujada a titin John, aka buɗe shi 30 ga Oktoba 1768, ƙafa 60 tsawo da 42 faɗi. Doka ba ta yarda irinsu, waɗanda ba 'yan Cocin Ingila ba, su gina coci ba, sai suka sa masa murhu da bututun hayaƙi don ya shiga lissafin gidan zama. Embury da kansa ya sassaƙa mumbarin. A 1770 suka bar birni suka koma noma a kwarin Camden, suka kafa aji a can. Embury ya rasu a 1773, ajin bai watse ba. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya tashi, Paul ya bi ɓangaren Sarkin Ingila, aka ƙwace gonarsu, suka gudu Montreal ta Kanada. A 1785 aka ba su fili a Augusta, bakin kogin St. Lawrence, daji ne da sai an sare itatuwa kafin a ga ƙasar shuka. Nan ma aji suka fara da shi a cikin gida, ɗan Embury mai suna Samuel yana shugabanta, shekaru kafin mai wa'azi William Losee ya iso yankin wajen 1790. Sau uku ke nan suna kafa aji a sabon wuri, kuma duk inda suka sauka ba su jira gini ko fasto ba. A ganina wannan ne dalilin sunan, fiye da labarin karta da aka fi so a ba baƙi. Ta rasu 17 ga Agusta 1804.

Abin yana lalacewa ta hanyoyi sanannu. In aji ya kai mutum 30 saboda ƙarancin shugabanni, awa ba ta isa, kowa sai ya faɗi jimla ɗaya ya zauna. In shugaba bai fara da tona kansa ba, sauran ma sai su riƙa maimaita amsar makon jiya. In maganar cikin ɗaki ta fita kasuwa sau ɗaya, an gama, babu mai sake faɗin gaskiya. Da jama'ar suka yi arziki, fastoci suka zauna a gari ɗaya maimakon zagaye, sai mutane suka fara jin nauyin a tambaye su halinsu gaban maƙwabta, har aka daina sa zuwa aji cikin sharuɗɗan zama ɗan ikilisiya. A Kanada ɗarikar ta narke cikin haɗaɗɗen cocin da ake kira United Church a 1925, don haka da wuya ki ga ana ba da tikiti a can yau, sai dai tsofaffin a gidan tarihi. A Najeriya da Gana kuwa, inda ɗan mishan na Metodis Thomas Birch Freeman ya yi aiki har ya sauka Badagry a 1842, har yanzu cocin Metodis na rubuta mutum ƙarƙashin aji da shugabansa. Ki gaida mutanen gidan da kike zaune.