Zauren gwarzaye ko jingine lambar riga: wanne ya fi nauyi?

Ɗan'uwa ya yi tambaya: tsakanin a shigar da ɗan wasa zauren gwarzaye, wato abin da ake kira Hall of Fame, da ƙungiyarsa ta jingine lambar rigarsa yadda ba wanda zai ƙara sa ta, wanne ne ya fi girma?

Malam, kafin ka auna su, fara tambayar wa ke yanke hukuncin. Shiga zaure hukunci ne na mutanen waje, 'yan jarida ko kwamiti, a kan duk abin da mutum ya yi a rayuwarsa ta wasa. Jingine lamba kuwa kyauta ce ta gida. Mai ƙungiya da shugabanninta za su iya zama da safe su sanar da ita da yamma, ba ƙuri'a, ba sharaɗin da ya ɗaure su. In ƙwarewa zalla kake son aunawa, a ganina zaure ya fi zama ma'auni.

Dubi zauren wasan besbol da ke Cooperstown a jihar New York, wanda aka zaɓi rukuninsa na farko a 1936. Sai ɗan wasa ya buga kaka goma a babbar gasa, ya kuma shekara biyar da yin ritaya, kafin sunansa ya hau takardar zaɓe. Masu zaɓen marubuta wasanni ne da suka yi aƙalla shekara goma a ƙungiyarsu, kowannensu ba zai wuce suna goma ba. Sai ka samu kashi 75 cikin 100 za ka shiga. In ka gaza kashi 5 an cire ka, in kuma ka yi shekara goma a takardar ba ka haye ba, sai dai ka jira wani kwamiti na daban ya waiwaye ka. Tsaurin ya kai har sai 2019 aka samu wanda kowa da kowa ya zaɓa, Mariano Rivera. Derek Jeter da ya biyo baya a 2020 ya samu ƙuri'a 396 cikin 397. Zauren ƙwallon Amurka ta NFL da ke Canton shi ma jiran shekara biyar ne, kuma kashi 80 ake nema a zagayen ƙarshe.

To ga inda abubuwan biyu suke rabuwa a fili. Barry Bonds ne ya fi kowa buga ƙwallon da ke tsallake shinge a tarihin gasar, guda 762. San Francisco Giants ta jingine lambarsa 25 a 2018. Amma saboda zargin amfani da abubuwan ƙara kuzari, ya ƙare shekarunsa goma a takardar zaɓe a 2022 da kashi 66, bai shiga ba. Mutum ɗaya ne, aiki ɗaya ne. Garinsa ya yafe, marubuta sun ƙi. So hana ganin laifi.

Ita lamba ba ta ma cika auna ƙwarewa ba, tun asalinta. Ta farko da aka jingine a manyan wasannin Arewacin Amurka ita ce 6 ta Ace Bailey a Toronto Maple Leafs, ƙungiyar wasan hoki na kan ƙanƙara, a 1934, bayan mummunan rauni da ya samu a kai. Ta farko a besbol ita ce 4 ta Lou Gehrig a ƙungiyar New York Yankees, a 1939, lokacin da ciwo ya raba shi da wasa. Alhini ne ya haifi al'adar, kuma har yau haka take a wurare da yawa. Manchester City ta ajiye 23 bayan Marc-Vivien Foé ya faɗi ya rasu yana buga wa Kamaru wasa a 2003. Liverpool ta jingine 20 bayan rasuwar Diogo Jota a hatsarin mota a 2025. Ba wanda ya ce su ne suka fi kowa iya ƙwallo a tarihin ƙungiyoyin, ba kuma abin da ake nufi ke nan ba. A ɗaya ɓangaren, Birmingham City ta jingine 22 ta Jude Bellingham a 2020 yana ɗan shekara 17, bayan kaka ɗaya tak, aka yi ta yi musu dariya. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Miami Heat ta rataye 23 ta Michael Jordan a 2003, alhali bai taɓa buga mata ko minti ɗaya ba. Babu zauren da zai iya yin irin wannan.

Sai matsalar da mutane ba su cika lura da ita ba: lamba tana ƙarewa, bangon zaure ba ya cika. Yankees ba ta da sauran lamba daga 1 zuwa 9 tun da aka jingine 2 ta Jeter a 2017, har lamba 8 ma mutum biyu ta tsaya wa, Yogi Berra da Bill Dickey. A NFL abin ya fi ciwo, domin ƙungiya tana riƙe 'yan wasa 53 a kaka, su kai 90 a sansanin horo, ga lambobi ba su wuce ɗari ba. Chicago Bears ta jingine 14, sannan ta ce ta Mike Ditka da aka yi a 2013 ita ce ta ƙarshe. Dallas Cowboys ba ta jingine lamba a hukumance kwata-kwata, sai dai ta rubuta sunan mutum a zagayen filinta. Kenan in ka ga gwarzon Cowboys ba a jingine lambarsa ba, tsarin gidan ne, ba raini ba. A ƙungiyar ƙwallon kwando ta Boston Celtics akwai Jim Loscutoff da ya roƙi a bar lambarsa 18 wasu su ci gaba da sawa, sai aka rataye tuta mai ɗauke da laƙabinsa. Daga baya an jingine 18 ɗin dai, amma da sunan Dave Cowens.

A ƙwallon ƙafa kuwa dokar gasa ce ke shiga tsakani. Da can lamba ta gurbi ce, daga 1 zuwa 11, ba ta mutum ba. Sai a 1993 gasar Firimiya ta fara bai wa kowa lambarsa ta dindindin. Napoli ta jingine 10 ta Maradona a 2000, amma da ta faɗa rukuni na uku a 2004, inda dole a sa 1 zuwa 11, tilas ta fito da rigar. Ajantina ta so ta yi masa irin haka a gasar cin kofin duniya ta 2002, FIFA ta ce lambobi daga 1 zuwa 23 ne, Ariel Ortega ya sa ta. A Sifaniya 'yan babbar tawaga lambobinsu daga 1 zuwa 25 ne, don haka wanda ya jingine ɗaya ya rage wa kansa gurbi. Shi ya sa Sevilla ba ta kulle 16 ta Antonio Puerta ba bayan rasuwarsa a 2007, sai ta riƙa miƙa ta ga 'yan gida irin su Jesús Navas. Wasu ƙungiyoyin ma gadon rigar suke ɗauka a matsayin girmamawar, kamar 7 a Manchester United da 10 a Barcelona, wadda ta bar hannun Messi ta je ga Ansu Fati sannan Lamine Yamal.

Kuma “har abada” ɗin nan, a riƙa sa masa ayar tambaya. Roma ta jingine 6 ta Aldair a 2003, ta dawo da ita a 2013 ta bai wa Kevin Strootman. Lyon ta ajiye 17 ta Foé, a 2008 ta miƙa wa ɗan ƙasarsa Jean Makoun. AC Milan ta ajiye 3 ta Paolo Maldini da sharaɗin ɗansa zai iya sawa. Shi kansa Jordan, ƙungiyarsa Chicago Bulls ta yi gaggawar rataye 23 a 1994, sai ga shi ya dawo a 1995 da lamba 45, bai daɗe ba ya koma tsohuwar rigarsa. Zaure kuwa in an shiga, da wuya a fita.

Kada a ɗauka zaure ba shi da nasa aibin. Masu zaɓe mutane ne, suna da ƙiyayya da son rai, kuma ba duk zaure ne nauyinsu ɗaya ba. Na ƙwallon kwando da ke Springfield ya fi na Cooperstown sauƙin shiga, don yana lissafa wasan jami'a, na mata da na ƙasashen duniya. Na gasar Firimiya sabo ne, a 2021 aka buɗe shi da Alan Shearer da Thierry Henry, Didier Drogba ya shiga a 2022. Abin da aka yi daga 1992 kaɗai yake dubawa, saboda haka Bobby Moore ba shi da gurbi a ciki, duk da West Ham ta jingine 6 ɗinsa a 2008. Ƙwallon ƙafa ba ta da zaure guda na duniya da kowa ya sallama wa, shi ya sa masoyinta zai fi jin nauyin rigar Franco Baresi da AC Milan ta jingine ko 14 ta Cruyff a Ajax. Ba-Amurke kuma Cooperstown zai fara ambata maka.

Salon rayuwar wasan mutum ma yana da tasiri. Wanda ya yi ta yawo tsakanin ƙungiyoyi, shekara uku nan huɗu can, zaure zai tattara masa aikinsa wuri guda, amma da wuya wani gari ya ji ya mallake shi. Wanda ya zauna gida ɗaya shekara goma sha biyar, ko bai kai sahun farko a duniya ba, lamba ta fi kusa da shi. Manya na gaske su kan haɗa biyun: Houston Rockets ta jingine 34 ta Hakeem Olajuwon a 2002, ya shiga Springfield a 2008. Dikembe Mutombo ya shiga a 2015, kuma ƙungiyoyi biyu, Atlanta da Denver, suka rataye 55 ɗinsa.

Wuri ɗaya ne nake ganin lamba ta kere zaure nesa ba kusa ba, shi ne in gasa gaba ɗaya ta haramta ta ga dukkan ƙungiyoyinta. A manyan gasa huɗu na Arewacin Amurka mutum uku aka yi wa haka: Jackie Robinson na besbol da 42 a 1997, Wayne Gretzky na hokin ƙanƙara da 99 a 2000, sai Bill Russell na ƙwallon kwando da 6 a 2022. Ko a nan an bar waɗanda suke sanye da lambar su ƙarasa da ita, shi ya sa Rivera ya ci gaba da sa 42 har ya yi ritaya a 2013.