Me ake nema a juyin ilektiron?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko binciken juyin ilektiron a cikin siraran ƙarafa yana da wani amfani a zahiri. Yana da shi, har ma ya shigo kwamfutarka.

Ilektiron ba cajin lantarki kaɗai yake ɗauke da shi ba, shi kansa ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai fuskantar sama ko ƙasa; wannan halin ne ake kira juyin ilektiron. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nasa ɗakin gwajin, suka jera shimfiɗun baƙin ƙarfe da kuromiyom a tsakani, kaurinsa kusan nanomita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idan maganaɗisun shimfiɗun ƙarfen sun juya wa juna baya, lantarki da ƙyar yake ratsawa. Da an kawo maganaɗisu sun fuskanci gefe guda, sai hanya ta buɗe wa rabin adadin ilektiron ɗin. A gwajin Fert, cikin matsanancin sanyi, turjiyar da shimfiɗun ke yi wa lantarki ta ragu da kusan rabi. Wannan adadin har yau yana burge ni.

A 1997 kamfanin kwamfuta na IBM ya sa dabarar a kan allurar da ke karanta faifan ajiya. Fert da Grünberg sun karɓi kyautar Nobel a 2007.