Filin Tambayoyin Wasanni: Nadia Comaneci da makin da allo ya kasa rubutawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani hoto yana yawo a Facebook, wata siririyar yarinya cikin fararen kayan wasa, allon da ke bayanta ya nuna 1.00. Aka rubuta wai shi ne maki mafi girma a tarihin Olamfik. Ta yaya ɗaya zai fi kowane maki? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hoton na gaskiya ne, allon ne ya gaza. Yarinyar ita ce Nadia Comaneci, 'yar wasan alkafura ta ƙasar Romaniya, wadda aka haifa a garin Onesti ranar 12 ga Nuwamba 1961. An ɗauki hoton a gasar Olamfik ta Montreal a Kanada ranar 18 ga Yuli 1976, tana da shekara 14. Alƙalai 10.00 suka ba ta, amma allon kamfanin Omega gurbin lamba uku kawai gare shi, iyakarsa 9.99, don haka aka rubuta 1.00.

Wasan alkafura na mata rukuni huɗu ne. Akwai tsallen doki, inda ake sheƙowa da gudu a taka katako mai tsalle, a dafa, a juya a sama, a dira. Akwai sandunan lilo, guda biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Akwai siririn katako mai tsawon mita 5 da faɗin santimita 10 kacal, wanda a yau ake ɗaga shi santimita 125 daga ƙasa. Sai wasan dabe, a fili mai mita 12 ta kowane gefe, ana yi ana bin kiɗa. A kan sandunan lilo ta samu goman farko. Kafin a tashi daga gasar ta tara bakwai, huɗu a sanduna, uku a katako. Ta koma gida da zinare uku (na jimillar rukunai, na sanduna, na katako), da azurfa ta ƙungiya, da tagulla a wasan dabe. Jimillarta 79.275 cikin 80, Nelli Kim ta Tarayyar Sobiyet na biye da ita da 78.675.

Yadda ake lissafi a lokacin, alƙalai huɗu ne ke ba da maki. A jefar da mafi girma da mafi ƙanƙanta, a haɗa biyun tsakiya a raba biyu. Ke nan ba a samun goma sai aƙalla uku cikin huɗun sun rubuta goma. Sai dai kada ki ɗauka goma na nufin babu ko ƙwayar kuskure. Goma rufi ce. Idan alƙalai sun riga sun ba wata 9.80 ko 9.90, sannan aka zo da wadda ta fi ta nesa ba kusa ba, babu inda za su sa ta sai can. Kuma ba ita kaɗai ta samu ba: Nelli Kim ma ta ci goma sau biyu a wannan gasa, a tsallen doki da wasan dabe.

Tambaya: Ina koyar da motsa jiki a makarantar sakandare. Na ji an ce akwai salon da aka sa wa sunanta. Yaya ake yin sa? Kuma da a yau take wasa, nawa za ta ci? Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. A kan sandunan lilo ne. 'Yar wasa tana saman doguwar sanda, hannaye a miƙe, sandar tana daidai ƙugunta. Sai ta ɗan lanƙwashe, ta cilla ƙafafu baya da ƙarfi har ƙugu ya rabu da sanda ya yi sama, ta saki hannu, ta ware ƙafafu, ta yi alkafura ta gaba a iska, ta sake cafke sandar da ta saki. Wahalarsa ita ce babu lilon da za a ci bashin ƙarfinsa. Yawancin salon sakin sanda ana shigarsu ne bayan an kewaya sandar da gudu. Wannan kuwa daga tsaye ake fara shi, duk tashin da za a yi daga kafaɗa da wannan cillawa guda yake fitowa.

Wuri uku yake ɓaci. In cillawar ta yi rauni, ƙugu ba ya hawa, juyin ya ƙare a ƙasa da sanda, hannu ya kai a makare. In kafaɗa ta koma baya da wuri, jiki ya yi nisa da sanda, sai yatsu su shafe ta kawai, a faɗi. In kuma aka matsa kusa don tsoron faɗuwa, a kama da gwiwar hannu a lanƙwashe, alƙali ya yanke, lilon da zai biyo baya kuma ya mutu. Har yau dokar Hukumar Wasan Alkafura ta Duniya tana ajiye shi a aji E, wato cikin salo masu wuya, abin mamaki ga salon da ya kusa shekara hamsin. Ba abin da za a gwada da ɗalibai a filin makaranta ba ne. Masu koyonsa a kan ramin soso suke yi, mai horarwa na riƙe da su.

Batun nawa za ta ci, tun 2006 aka daina amfani da goma a matsayin rufi. Yanzu maki biyu ake haɗawa. Na farko makin wahala: a ƙirga salo takwas mafi tsada a wasan, aji A 0.1, B 0.2, haka har J da ke da 1.0, a ƙara 0.5 kan kowane ɗaya daga sharuɗɗa huɗu da aka gindaya wa rukunin, a ƙara 0.1 ko 0.2 in an jera salo masu wuya ba tsayawa. Na biyu makin tsafta, wanda ke farawa daga 10 ana zaftarewa: 0.1 ƙaramin kuskure, 0.3 matsakaici, 0.5 babba, faɗuwa kuma 1.0 cif. Misali, Kaylia Nemour ta Aljeriya da ta ci zinaren sanduna a Paris a 2024, lambar Olamfik ta farko da Afirka ta samu a wannan wasa, 15.700 ta ci: 7.2 na wahala, 8.5 na tsafta.

Wasan Nadia na 1976 ba zai kusanci wannan makin wahala ba, amma gwadawar ba ta da adalci. Sandunan zamaninta a matse suke, har mai rataye a doguwar tana iya buga ƙugunta a gajerar ta nannaɗe ta, kuma a kan wannan aka gina rabin wasan. Na yau an buɗa tsakaninsu don a samu sararin kewayawa da jiki a miƙe. A ganinmu abin da zai tsira daga wasanta a kowace doka shi ne tsafta: ƙafafu a haɗe, yatsu a miƙe, ba ta jinkiri tsakanin salo da salo.

Tambaya: 'Yar shekara 14 za ta iya zuwa Olamfik a wannan wasa yanzu? Daga wata uwa a Kumasi.

Amsa: A'a, Hajiya. An ɗaga shekarun zuwa 15 a 1981, sannan 16 a 1997, wato yarinya ta cika 16 a cikin shekarar gasar. Muddin dokar tana nan, babu mai karɓe wa Nadia matsayin mafi ƙarancin shekaru da ta ci zinaren jimillar rukunai.

Tambaya: Ni da abokina muna musu. Ya ce tauraruwar dare ɗaya ce, bayan Montreal ba ta sake yin abin kirki ba. Ku raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, abokinka bai bi labarin ba, ko ta gaba ko ta baya. Tun a 1975, a Skien ta Norway, ta ci kofin Turai tana da shekara 13. Ta sake ci a Prague a 1977, gasar da gwamnatin Ceausescu, shugaban ƙasar a lokacin, ta umarci tawagar Romaniya ta fice ana tsakar wasan ƙarshe na rukunai saboda rikicin maki. Ta ci na uku a jere a Copenhagen a 1979.

Inda zancensa yake da ɗan kamshin gaskiya shi ne 1978. An raba ta da masu horar da ita, Bela Karolyi da matarsa Marta, aka kai ta Bucharest, a daidai lokacin da jikinta ke girma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wasan alkafura. Jiki in ya ƙara tsawo da nauyi juyinsa a iska yana raguwa, lokacin sakin sanda da na buɗe jiki don dira duk su sauya, abin da aka maimaita sau dubbai sai an sake koyonsa. A gasar duniya ta Strasbourg ta faɗo daga sanduna, ta zo ta huɗu, Elena Mukhina ta ci. Duk da haka ta ɗauki zinaren katako da azurfar tsallen doki. Daga nan aka mayar da ita hannun Karolyi a garin Deva. (Ba ma son a ɗauki wannan a matsayin yabon salon horonsa. Wasu da suka yi wasa a ƙarƙashinsa, ciki har da Emilia Eberle, sun fito daga baya sun ce an doke su, an kuma hana su abinci.)

Mu a wurinmu wasan da ya fi nuna ko ita wace ce ba na Montreal ba ne, na Fort Worth ne a Amurka, a Disambar 1979. Bayan zagayen farko hannunta na hagu ya kumbura saboda rauni da ya ruɓa, aka kwantar da ita a asibiti. Dokar ƙungiya ita ce mutum shida su yi, a ƙirga makin biyar mafi kyau, don haka in ɗaya ta janye babu sauran damar kuskure. Eberle ta faɗo daga katako, wanda ke nufin dole a ƙirga faɗuwar in ba a samu wadda ta maye gurbin ba. Nadia ta hau da hannu a naɗe, ta ci 9.95. Romaniya ta doke Tarayyar Sobiyet, ta ɗauki zinaren ƙungiya na duniya karo na farko.

Sai Mosko a 1980, tana da shekara 18. Ta ci zinaren katako, ta raba na dabe da Nelli Kim, ta samu azurfa biyu. Azurfar jimillar rukunai ce ake ta magana a kanta har yau. Katako ne wasanta na ƙarshe, kuma 9.95 take buƙata ta wuce Yelena Davydova ta Tarayyar Sobiyet. Alƙalai suka ba da 10 da 9.9 da 9.8 da 9.8, a jefar da na sama da na ƙasa, ya rage 9.85. Shugabar alƙalan rukunin, Maria Simionescu, 'yar Romaniya ce, ta ƙi amincewa, aka yi kusan rabin sa'a ana ja-in-ja kafin a fitar da makin yadda yake. Davydova 79.150, Nadia da Maxi Gnauck ta Jamus ta Gabas 79.075 kowacce.

Masu cewa an yi mata fashi a gidan Sobiyet suna mantawa da wani lissafi. A wancan zamani rabin makin zagayen ƙungiya yana bin 'yar wasa zuwa wasan ƙarshe, ba kamar yanzu da kowa ke farawa daga sifili ba. Nadia ta faɗo daga sanduna a zagayen ƙungiya, faɗuwa kuma 0.5 ce a lokacin, rabinta 0.25. Tazarar da aka ba ta 0.075 ce. Da ba ta faɗo ba, ko da 9.85 ɗin ita ce da zinare.

Lambobinta na Olamfik tara ne, biyar na zinare. Gasarta ta ƙarshe ita ce ta ɗaliban jami'o'in duniya a Bucharest a 1981, aka yi bikin ritayarta a 1984. Ka kai wa abokinka wannan.

Tambaya: Tana ina yanzu, kuma Romaniya na nan da ƙarfinta? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Ta tsallaka iyakar Hangari da ƙafa a ƙarshen Nuwambar 1989, makonni kaɗan kafin gwamnatin Ceausescu ta faɗi, ta wuce Amurka. A 1996 ta auri Bart Conner, shi ma tsohon zakaran Olamfik a wasan, suna zaune a jihar Oklahoma.

Ƙungiyar matan Romaniya ta ci lamba a kowane Olamfik daga 1976 zuwa 2012, da zinare a 1984 da 2000 da 2004. Daga nan ta kasa samun gurbin ƙungiya a Rio da Tokyo. Ta dawo a Paris a 2024, ta zo ta bakwai. Tagullar wasan dabe da aka miƙa wa Ana Barbosu a wannan gasa ta biyo ta kotun wasanni ne, wadda ta yanke cewa ƙorafin da ya ɗaga makin Jordan Chiles ta Amurka daga 13.666 zuwa 13.766 an shigar da shi bayan minti ɗaya da daƙiƙa huɗu, alhali minti ɗaya doka ta bayar. Barbosu 13.700 ta ci. Chiles ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun tarayya ta Suwizalan.