Yadda Ake Auna Girgizar Jajayen Ƙattan Taurari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin kimiyya ne a Tudun Wada, Kaduna. Na karanta cewa masana suna auna girgizar wasu taurari da ake kira jajayen ƙatta. Shin ƙyalƙyalin da muke gani da dare shi ne girgizar? In ba shi ba ne, ta yaya ake auna ta alhali tauraron yana da nisa haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ƙyalƙyalin nan ba daga tauraro yake ba. Iskar da ta lulluɓe duniyarmu ce take karkata haske a kan hanyarsa ta zuwa idonka. Girgizar gaskiya ido ba ya iya ganinta.

Jan ƙaton tauraro shi ne wanda haidirojin ɗin da ke tsakiyarsa, wato iskar gas da yake ƙonawa a matsayin makamashi, ya ƙare, sai cibiyarsa ta tsuke, jikinsa ya kumbura, samansa ya rage zafi har ya yi ja. Rana ma za ta kai wannan mataki nan da kimanin shekara biliyan 5. Idan ka fita bayan sallar isha'i a watan Disamba, ka dubi kusa da Kaza da 'Ya'yanta, za ka ga tauraron Addabaran yana haske ja-ja. Irin wannan tauraro ne, kuma faɗinsa ya ninka na rana fiye da sau 40.

A saman irin wannan tauraro iskar gas tana tafasa kamar kunu a tukunya, mai zafi ta taso, wadda ta huce ta nutse, kuma wannan hargitsi yana haifar da igiyoyin sauti da suke kai-komo a cikin jikinsa, su sa shi yana ɗan kumbura yana ɗan motsewa. Sauti ba ya ratsa sararin da babu iska, don haka ba jin sa muke yi ba, sawunsa muke bi a cikin haske. Kamar yadda tambari ya fi kalangu kaurin murya, haka babban tauraro ya fi ƙarami jinkirin bugu: rana tana bugawa kusan duk minti 5, jan ƙato kuwa yakan ɗauki sa'o'i, wani har kwanaki.

Hanyar awon biyu ce. Ta farko ita ce a baje hasken tauraron zuwa launukansa, a lura da yadda siraran baƙaƙen layukan da suke bayyana a cikin launukan suke gusawa yayin da samansa yake matsowa gare mu ko yake ja da baya. Ta biyu, wadda ta fi kawo ci gaba, ita ce auna ƙaruwa da raguwar hasken kansa, canjin da galibi bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Daga doron ƙasa wannan aiki yana da wuya ƙwarai, domin wanda ya san hazon hunturu da hadarin damina a Kaduna ya san abin da iska take yi wa haske, ga kuma fitowar rana da take katse awon kullum. Shi ya sa aka harba madubin hangen nesa zuwa sama: CoRoT wanda Faransa ta jagoranta a 2006, Kepler na hukumar NASA ta Amurka a 2009, sai TESS a 2018. Kepler ya shafe shekara 4 yana fuskantar yanki guda, yana auna hasken taurari kimanin 150,000 kusan duk rabin sa'a.

Tsawon lokacin nan shi ne ƙashin bayan aikin, domin tauraro yana bugawa ne da muryoyi da yawa a cakuɗe, kuma sai awo ya daɗe ba yankewa lissafin Fourier, wato dabarar lissafi da take rarrabe igiyoyin da suka cakuɗe, yake iya tsefe su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ake fitar da adadi biyu: saurin bugun da ya fi ƙarfi, wanda yake nuna ƙarfin jan nauyi a saman tauraron, da kuma tazarar da ke tsakanin muryoyin, wadda take nuna yadda jikinsa ya cushe. Idan aka haɗa su da zafin samansa, aka gwada da na rana, sai a sami nauyinsa da faɗinsa, daga nauyin kuma a ƙiyasta shekarunsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne cewa wasu igiyoyin suna kutsawa har cibiya, su dawo da labarinta. A 2011 bayanan Kepler suka ba da damar bambance taurari biyu masu kama da juna daga waje: wanda har yanzu yake ƙona haidirojin a kewayen cibiyarsa tazarar da ke tsakanin tsawon bugun wata murya da na mai bi mata takan kai kimanin daƙiƙa 50, wanda kuwa ya fara ƙona hiliyam, wato abin da haidirojin yake komawa bayan ya ƙone, a cibiyar tasa tazarar takan kama daga daƙiƙa 100 zuwa 300. Ba a jima ba kuma aka gano, ta irin waɗannan igiyoyi, cewa cibiyar wasu jajayen ƙatta tana juyawa aƙalla sau 10 fiye da saurin samansu.