Shin mai gini zai iya hana ɗan haya shiga ofis da bindiga a ɓoye?

Ɗan'uwa, ka ce kana hayar ofis a Amurka, mai ginin kuma yana son hana shiga da bindiga ko da mutum yana da lasisi. A mafi yawan jihohi yana da wannan hurumin. Gyara na 2 na kundin tsarin mulkinsu, wanda ya kare 'yancin mallakar bindiga, gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai shafi mai gini ba.

Sai dai a cikin ofishin da ka biya kuɗinsa, takardar haya ce alƙali. In babu sharaɗin bindiga a ciki, da wuya ya ƙaƙaba maka shi a tsakiyar wa'adi, sai in ka sa hannu cewa zai iya ƙara dokokin gini. Mutane da yawa ba sa karanta wannan sakin layin, abin kuwa yana damuna. Harabar shiga, lif da matakala kuwa suna hannun mai ginin.

Jiha ma tana da tata dokar. A Texas, sashe na 30.06 na dokar laifuka ya ce allon gargaɗin hana shiga da bindiga a ɓoye ya kasance da Turanci da Sifaniyanci, harufa aƙalla inci 1, a inda kowa zai gani. Minnesota kuwa ta hana mai gida tauye wa ɗan haya ko baƙinsa ɗaukar bindiga ta halal. Florida tun 2008 ta kare ma'aikaci mai lasisi da ya kulle bindigarsa a mota a wurin aiki.

Don Allah kai takardar hayarka wurin lauyan jiharku kafin ka yi jayayya da shi.