Addu'ata ta daɗe ba amsa, ko Allah ya ƙi ni ne?

Tambaya: Baba Fasto, shekara tara ke nan da aurena ban sami haihuwa ba. Na yi azumi, zumuntar mata ta yi mini addu'a, amma har yau shiru. Wasu a ikilisiyarmu suna cewa lallai akwai ɓoyayyen zunubi a rayuwata. Shin gaskiya ne?

Amsa: 'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Gaskiya ne Littafi Mai Tsarki ya ambaci abubuwan da kan hana addu'a karɓuwa. Zabura 66:18 ta yi maganar mugunta da mutum ya riƙe a zuci, Yakubu 4:3 ya yi maganar roƙo da mugun nufi, Markus 11:25 ya umarci mai addu'a ya yafe wa wanda ya yi masa laifi, Bitrus kuma ya gargaɗi maza cewa rashin girmama matansu yana tare addu'arsu. Ki binciki zuciyarki a kan waɗannan, in kin sami wani abu ki tuba. Sai dai ki lura, duk abubuwa ne da mai su ya san da su. Allah ba ya ɓoye wa bawansa laifinsa sannan ya hukunta shi don bai gano ba, saboda haka idan kin bincika ba ki sami kome ba, kada ki ci gaba da tono.

Masu ɗora miki laifi sun manta da Zakariya da Alisabatu. Luka ya shaida cewa dukansu biyu masu adalci ne a gaban Allah, marasa abin zargi, amma suka tsufa ba ɗa. Da mala'ika Jibra'ilu ya bayyana ga Zakariya a Haikali, cewa ya yi an ji addu'arsa, alhali shi kansa ya riga ya fid da rai, har ya kasa gaskata saƙon. Wato jin addu'a daban, lokacin cikarta daban. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawarin zuriya, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku, kuma a tsakanin waɗannan shekaru 25 ne gaggawa ta sa Saratu ta ba shi baiwarta Hajaratu, abin da ya jefa gidan cikin rikici. Na kawo wannan ne domin na san irin shawarwarin da dangi kan soma bayarwa idan jira ya yi tsawo.

Labarin Li'azaru, a ganina, shi ya fi dacewa da halin da kike ciki. Marta da Maryamu sun aika wa Yesu cewa ɗan'uwansu Li'azaru ba shi da lafiya, sai Yahaya ya rubuta cewa Yesu yana ƙaunarsu, kuma nan take ya ƙara da cewa ya sake kwana biyu a inda yake. Marubucin ya ajiye ƙauna da jinkiri kusa da juna bai ga wani saɓani ba. Lokacin da Yesu ya isa Betanya, Li'azaru ya riga ya mutu har ya kwana huɗu a kabari, Marta ta tarye shi da ƙorafi cewa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba, bai kuwa tsawata mata ba. Don haka kuka da tambaya a gaban Allah ba rashin bangaskiya ba ne. Hannatu ta yi kuka a Shilo har Eli ya zaci ta bugu, annabi Habakuk ma ya buɗe littafinsa da tambayar har yaushe zai yi kira ba a saurare shi ba.

Duk da haka ba zan yi miki alkawarin da Littafi bai yi ba. Wani jinkirin yakan ƙare da abin da aka roƙa, wani kuwa da wata amsa dabam. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar ta zauna. Monika, mahaifiyar Agustin na Hippo, babban malamin ikilisiya na dā a Arewacin Afirka, ta roƙi Allah da hawaye kada ɗanta ya tafi Roma, ya sulale ya tafi a shekara ta 383. Wannan tafiya ce ta kai shi Milan wurin Bishop Ambros, wanda ya yi masa baftisma a 387. An hana ta ƙaramin roƙonta, aka ba ta babban da ta daɗe tana yi, wato ɗanta ya zama Kirista.

Ki ci gaba da addu'a kamar gwauruwar nan ta Luka 18 da ta dage wa alƙali, kuma ku je asibiti ke da maigidanki a duba ku duka biyu, gama matsalar haihuwa takan fito daga ɓangaren namiji kamar yadda takan fito daga na mace. Duk wanda kuma ya yanka miki kuɗi da sunan zai buɗe miki hanyar amsa, ki nisance shi, domin Bitrus ya tsawata wa Siman mai sihiri a Samariya a kan tunanin sayen baiwar Allah da kuɗi.